Ummi, kar ki ji zafin kuɗin ƙungiya

Assalamu alaikum Ummi, ya aiki ya Bauchi? Mu nan Gombe lafiya lau, mamanki na gaishe ki tace ki faɗa mata in yajin daddawan da ta ba direba ya iso.

Jiya a waya kina ta mita wai alat ya shigo kin ga an zaftare miki kuɗin ƙungiya, har kika ce ba ki ga abin da suke tsinanawa ba banda ɗinka anko ranar 1 ga Mayu. Na ƙyale ki ne don kati na ya kusa ƙarewa amma maganar ta kwana a raina wallahi.

Wannan awa takwas da kike yi ki miƙa difti ki koma gida, kin ɗauka haka Allah Ya halicci aiki? A Ingila lokacin da masaƙu suka fara mutum sai ya yi awa 12 ko fiye a tsaye gaban inji, har da yara ƙanana, sai a 1833 aka yi dokar hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙa. Shekara tara fa, sa'an autanmu. A Amurka kuma ranar 1 ga Mayu 1886 leburori suka ajiye aiki suka ce awa takwas ko a fasa, kwana uku bayan nan a dandalin Haymarket na birnin Shikago wani ya jefa bam ana cikin taro, aka mutu ta kowane ɓangare, gwamnati ta kwashe jagororin ma'aikata ta rataye huɗu a 1887 alhali ba a tabbatar su suka jefa ba. Don tunawa da su ne taron ma'aikatan duniya da aka yi a Faris a 1889 ya tsayar da ranar 1 ga Mayu, ankon da kike wa dariya kenan. Da aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO a 1919 yarjejeniyarta ta farko ma kan wannan ce, awa 8 a rana 48 a mako.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne gobarar kamfanin ɗinki na Triangle a Niyok 1911, mutum 146, yawanci 'yan mata, wasu ma ba su kai ki ba, an kulle musu ƙofa don kar su fita lokacin aiki. Duk sanda na tuna ke nake gani.

Mu ma nan ba a kwance aka samu ba. 1945 Michael Imoudu ɗan reluwe ya ja yajin aikin gama gari sama da kwana 40 kan tsadar rayuwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, Turawa suka sauko dole. 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Hutun ranar ma'aikata kuwa Abubakar Rimi ne ya fara ba da shi a Kano 1980, tarayya ta bi a 1981, shekarar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tsaya kai da fata har aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125. Dubu 70 ɗin da aka sa hannu a 2024 jikarta ce, duk da dai ke ma kin san ba ta zuwa ko'ina a kasuwa.

Ni na taɓa aiki a wani wuri da babu ƙungiya kafin in shiga koyarwa, inji ya cinye wa abokina yatsu uku, aka biya masa ɗinki aka ce ya huta a gida, hutun kenan har yau. Mu da muka rage kowa ya sunkuyar da kai yana tsoron tuwonsa, har da ni, kuma har gobe ina jin kunyar abin.

Toh ban ce miki shugabannin ƙungiya waliyyai bane, na ga waɗanda suka shiga ofis da zafi suka fito da sabuwar mota suka ce a janye. Maganin wannan ki riƙa zuwa mitin, ki ɗaga hannu ki ce a karanto lissafi, kuɗinki ne ai. In an kira yajin aiki kar ki zama mai zagayawa ta baya don oga ya yabe ki, sai dai ke aikinki na asibiti ne, in rai na hannunki ki fara da ran, wannan ko 'yan ƙungiyar sun sani.

Ki yi fotokwafin takardar ɗaukar aikinki da lambar fanshonki ki aiko min in sa a akwati, kin san halinki da yar da takardu. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki