Kafin a sayi manhajar nazarin bayanai, a san tambayar da za ta amsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani abu da na daɗe ina lura da shi a aikina na tsara bayanan kamfanoni, wato yadda shugabanni ke gaggawar sayen manhajar nazarin bayanan kasuwanci tun ba su tsayar da tambayar da suke so ta amsa musu ba.

Fannin ya daɗe, domin tun a 1958 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya yi rubutu a kan tsarin da zai riƙa tattara bayanai yana isar da su ga wanda yake buƙatarsu. Aikin dai shi ne a ɗebo bayanai daga sassan kamfani, a tace su, a zuba su a rumbu guda, sannan a fitar da rahoton da za a yanke shawara da shi. Manhajoji irin su Power BI da Tableau a matakin ƙarshe suke, amma su ne aka fi ɗoki a kansu, saboda su ne ido ke gani.

Wurin da aikin yake lalacewa shi ne wajen tattara buƙatu. Idan aka tambayi manaja wane rahoto yake so, ko dai ya ce komai da komai, ko kuma ya miƙo tsohon jadawalinsa na Excel ya ce a ƙawata masa. Tambayar da ta fi amfani ita ce wace shawara yake yankewa, sau nawa a mako ko a wata, kuma wane adadi ne zai sa ya sauya ta idan ya gan shi. Wanda yake yanke shawara sau ɗaya a wata ba ya buƙatar alƙaluman da ke sabuntawa kowane minti, alhali su ne suka fi tsada wajen ginawa.

Sai kuma ma'anar kalmomi, wadda a ganina ta fi komai wuya. Na taɓa halartar taron da sassa uku suka kawo adadin cinikin wata guda, kowa da nasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Sashen sayarwa yana ƙirga ciniki ranar da aka ba da oda, sashen kuɗi sai ranar da kuɗin ya shigo, masu kula da sito kuwa ranar da kaya suka fita. Babu manhajar da za ta raba wannan gardama. Dole mutane su zauna su amince da ma'ana ɗaya, a rubuta ta, a kuma ambaci wanda ke da alhakinta.

Ralph Kimball, wanda littafinsa a kan rumbun bayanai ya fito a 1996, ya nanata cewa a fara tsayar da abin da kowane layi na bayani yake wakilta kafin a ci gaba. Idan jimillar cinikin yini kawai aka adana, duk ranar da shugaba ya tambayi kayan da ake yawan saye tare, amsar ta riga ta salwanta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙarshe, a saka ma'aikatan da ke shigar da bayanai cikin waɗanda za a tattauna da su, domin su ne suka san gurbin da ake bari fayau da wanda ake cikewa da ko mene ne don kwamfuta ta bari a wuce.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarka.