A Ware wa Ƙananan Harsuna Kasonsu a Gidajen Rediyon Gwamnati

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku.

Ni haifaffen Gombe ne, da Hausa na tashi, amma kakata ta wajen uwa 'yar Tera ce daga Deba. Har Allah Ya yi mata rasuwa Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. In an yi sanarwar rigakafi, ko gargaɗin ambaliya ga masu noma a ƙasan madatsar Dadin Kowa, sai mu jikoki mun fassara mata. Amma ranar shirin yaren Tera, rungume rediyo take yi, ko tari ba ka isa ka yi ba.

Irinta suna nan da yawa. Jihar Gombe, da aka cire daga Bauchi a 1996, gida ce ga Tangale na Billiri da Kaltungo, Waja na Balanga, Tula, Dadiya, Cham, Bolewa da Fulani. Mai talla kuwa kasuwa yake bi, kuma kasuwa da Hausa take magana. Wane ɗan kasuwa zai sayi fili a shirin Dadiya? Muddin aka ce tashar gwamnati ta ciyar da kanta da kuɗin talla, ranar da dizal ya yi tsada waɗannan shirye-shiryen za a fara datsewa. Mu masu Hausa ba mu cika lura ba, don ga BBC, ga DW, ga tashoshi masu zaman kansu, duk da harshenmu.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. A Ingila da irin wannan kuɗi ake riƙe BBC. A nan ko an karɓa, babu abin da ya wajabta a kai shi ɗakin watsa shirye-shirye.

Ina kira ga majalisar dokokin jiha ta sa layi na musamman a kasafin kuɗi, wanda ba za a karkatar ba, don albashin masu gabatarwa da kuɗin mota zuwa ƙauyuka. Ban ce a fassara labaran Hausa na minti biyar a ce an gama ba. A je Talasse da Bambam a ɗauko muryar manoma da ungozomomi da yarensu, a sa shirin bayan magariba, lokacin da mutane suka dawo daga gona.

Wani mai karatu,
Tudun Wada, Gombe