Jan layi da karkata rubutu: a tsaya kan ƙa'ida ɗaya

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da jama'a ke rainawa amma ni yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ake karkata rubutu da ja masa layi barkatai, har a shafin ra'ayi na jaridar nan taku ina cin karo da shi.

Sai ka ga marubuci ya kama kalma ɗaya tak ya karkata ta, ya ja mata layi, ya ƙara mata kauri, sannan ya sa ta cikin alamar zance, to mai karatu wanne zai bi? Alhali kuwa jan layi da karkatarwa aikinsu ɗaya ne. Shi karkataccen rubutu da ake ce wa italik, wani mai maɗaba'a da ake kira Aldus Manutius ne ya fara buga littafi da shi a Italiya a 1501. Da tafireta ta zo ba ta iya karkata harafi, shi ya sa mai bugu yake jan layi don ya sanar da ma'aikacin maɗaba'a cewa wannan wurin a karkata shi in an zo ɗab'i. Yanzu kuma da kwamfuta kana danna Ctrl da I an gama, to layin na mene ne kuma?

Inda karkatarwa ta fi amfani shi ne sunan littafi ko jarida ko mujalla ko fim. Ka duba Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, sunan kansa cikakkiyar jimla ce, in ka jefa shi tsakiyar magana ba ka bambanta shi ba sai mai karatu ya ɗauka zancenka ne ke ci gaba, sai ya yi nisa ya dawo baya. Kan maƙala ko waƙa guda ko babi kuwa alamar zance ta ishe shi. Haka sunayen kimiyya, kamar Plasmodium falciparum mai jawo zazzaɓin cizon sauro, a karkace ake rubutawa, kalmar farko da babban baƙi ta biyu da ƙarami. Baƙuwar kalma ma da ba ta zauna a Hausa ba a karkata ta, amma fa mota da asibiti da littafi sun daɗe da zama 'yan gida, a bar su yadda suke.

Jan layi kuwa gaskiya a intanet illa yake yi, don duk wanda ya ga layi a ƙarƙashin kalma zato yake in ya latsa za ta kai shi wani shafi, sai ya yi ta danna waya ba abin da ya buɗe. Ga shi layin yana ratsa wutsiyar y da g da j, mu kuma Hausa cike take da su, rubuta yaya ko gajiya ka ja layi ka ga yadda haruffan ke cakuɗewa musamman a ƙaramin allon waya. Ko WhatsApp ma bai ba da jan layi ba, ɗan karan ƙasa (_) a farko da ƙarshen kalma ya karkata ta, tauraro (*) ya ba ta kauri.

A rubutun hannu kam layi yana nan daram, ɗalibi a jarrabawa ba shi da wata hanya sai ita, kuma daidai ya yi.

Roƙona Edita ku zauna da masu tace labarai ku fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, ku riƙa gyara wa masu aiko muku da maƙala kafin a buga, musamman masu karkata rabin sakin layi da sunan jaddadawa. Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku