Faifan hologiram da takardun gidanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta abin da kuka buga a shafin kimiyya kan ajiye bayanai da hologiram, wato hoto mai nuna zurfi da ake samarwa ta hanyar haɗa haske biyu, inda marubucin ya nuna kamar jiya aka haifi fasahar, gobe kuma za ta sauka a kasuwar Sabon Gari. Na koyar da kimiyya a sakandare har na yi ritaya, shi ya sa nake roƙon ɗan fili in sa baki.

Fasahar nan ta kwana biyu. Dennis Gabor ne ya fito da dabarar hologiram a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Shawarar a riƙa ajiye bayanai da ita kuwa Pieter van Heerden na kamfanin Polaroid a Amurka ya kawo ta a 1963, lokacin Jami'ar Ahmadu Bello tana da shekara ɗaya da kafuwa.

Dabarar kanta abin sha'awa ce, ban musa ba. A faifan CD ko DVD ɗigo-ɗigo ake rubutu, a jere, kan shimfiɗa siririya. CD yana cin megabait 700, DVD gigabait 4.7, Blu-ray gigabait 25 a shimfiɗa guda, kuma ƙarin ya samu ne da ƙanƙanta ɗigon. Hologiram kuwa cikin kaurin faifan yake shiga. Ana raba hasken lesa gida biyu. Kashi ɗaya a bi da shi ta wani ɗan allo da ke jera bayanan kamar darduma mai gida-gida, wani gida haske wani duhu, wajen miliyan a shafi ɗaya. Ɗaya kashin yana tafiya wayam, ba ya ɗauke da komai. Inda suka haɗu a cikin faifan sai su bar zane, kamar yadda idan yaro ya jefa duwatsu biyu a kududdufi za ka ga da'irorin ruwan suna ratsa juna. Wannan zanen shi ne ajiyar. In ana son karantawa, sai a hasko shi da haske na biyun kawai, shafin ya fito gaba ɗayansa, kyamara ta ɗauke.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana tara shafuka da yawa a wuri guda. Ana ɗan karkata kusurwar hasken, ko a sauya launinsa, sai a rubuta wani shafin a kan na farko ba tare da sun cakuɗe ba. Duk wanda ya taɓa juya shadda a rana a bakin shago, ya ga zanen ya fito ya kuma ɓace, ya fahimci rabin maganar.

To me ya hana ta fitowa? Kayan da ake rubutun a ciki. Irin na roba yana ɗan tsukewa yayin rubutu, kusurwar ta goce. Irin na ƙanƙarar dutse da ake kira lithium niobate kuwa, yawan karanta shi yana dusashe abin da ke ciki. Kamfanin InPhase na Amurka ya sha nuna faifai mai gigabait 300, amma ya durƙushe a 2011, kafin nan ma sauran ma'ajiyan kwamfuta sun wuce wannan girma kuma sun fi araha. Har yanzu ana bincike, Microsoft ma ya sanar da nasa aikin a 2020.

Ga inda abin ya shafe ni. A gidanmu na cikin birni akwai gafaka biyu na takardun kakanmu, Larabci da ajami. Shekarun baya na kai su wani shago aka ɗauki hotonsu, aka zuba mini a faifan CD shida, na dawo ina ganin na gama da su har abada. Bara na ɗauko. Biyu sun ƙi buɗewa, sauran kuma sai da na sha yawo kafin in sami kwamfutar da ke da gurbin faifai, domin na yaran yanzu ba su da shi. Takardun kuwa, ban da gefen da gara ta taɓa, tawadarsu raɗau, almajiri zai karanta su da fitilar waya. Faifan hologiram ya fi CD wannan matsalar: ranar da babu na'urar da ta san launin haskensa da kusurwarsa, abin da ke hannunka ɗan fallen roba ne mai ƙyalli.

Don Allah, Malam Edita, ka tura wakilinka Samaru, sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da Arewa House a Kaduna, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubuce, ya tambayo mana yadda masana ke ajiye hotunan takardu, wuri nawa suke ajiye kwafi, da kuma bayan shekara nawa ake sake kwafewa. Gidaje irin namu suna da yawa daga Ƙofar Doka zuwa cikin gari, kuma damina na tafe.

Na gode.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Tudun Wada, Zariya.