Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Lauyoyin Kamfanonin Fasahar Halittu

Assalamu alaikum manyanmu, abokan aiki da ƙannenmu sababbin shiga. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi bana daga ofishin sakatare, ciyaman ya duba ya ce a tura.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne zaman Zoom na wata-wata, kuma nan aka fi ƙaruwa gaskiya. Tun farkon shekara kwamiti ya ce a bar laccar nan ta "yadda ake zama lauyan kamfani" tunda kowa ya haddace ta, a koma kan ainihin abin da ake ajiye wa mutum a tebur kullum. Da haƙƙin mallakar ƙirƙira muka fara. An bi shari'ar Chakrabarty ta 1980, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta ce bakteriyar da mutum ya sauya wa halitta ana iya yi mata rajista, aka zo kan ta Myriad ta 2013 inda kotun ta ce ƙwayar gadon da Allah ya halitta a jikin mutum ba ta zama taka don kawai kai ka fara ware ta. An tuna mana kuma cewa shekara 20 ɗin kariya daga ranar shigar da takardar neman rajista take fara ƙirguwa, ba daga ranar da magani ya shiga kasuwa ba, alhali gwaje-gwajen kansu sukan cinye shekara goma ko fiye.

Wata Barista daga cikinmu ta ba da labarin da har yanzu ake maimaitawa a gurup. Dab da tashi aiki wani mai bincike ya leƙo ofishinta riƙe da fosta a nannaɗe, an riga an buga, gobe zai kafa ta a wani taro, wai ta "ɗan duba" kawai. Ta warware ta a kan tebur sai ga tsarin sinadarin gaba ɗaya a tsakiya, har da kala, kuma ba a shigar da komai ba tukunna. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa, Turai kam ba ruwanta, ka nuna wa duniya ka rasa. A ofis suka kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ta ce ba ta ga laifinsa sosai ba, don tun da ta kama aiki ba ta taɓa taka ɗakin gwaje-gwajensu ba, su kuma sun ɗauka aikinta sa hannu ne. Yanzu duk mitin ɗin masu bincike tana zaune a baya da littafinta. Ni a ganina duk abin da muka koya bana yana cikin wannan zaman na baya.

Ma'ajiyar samfurin kwantiragi ta tsaya da ƙafarta: akwai na riƙe sirri, na musayar kayan bincike, da na lasisi tsakanin kamfani da jami'a, tare da ɗan bayani kan dokar Bayh-Dole ta 1980 (dokar Amurka da ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati) da Yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun halittu da ta fara aiki a 2014, saboda masu karɓo tsirrai ko ƙwayoyin halitta daga wata ƙasa. Don Allah a riƙa goge sunan kamfani kafin a ɗora.

Zaman da ya fi cika shi ne na Casgevy, maganin sikila da aka yi da fasahar CRISPR ta gyara ƙwayoyin gado, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo a Disamba. Muka duba rigimar mallakar CRISPR tsakanin Cibiyar Broad da Jami'ar Kalifoniya, da yadda sai da kamfanin Vertex mai maganin ya karɓi lasisi daga Editas, kamfanin da ke riƙe da lasisin Cibiyar Broad. Lokaci ya ƙare tambayoyi ba su ƙare ba.

Shirin haɗa ƙanana da manya ya tafi lafiya, Allah ya saka wa manyan da suka ba da lokacinsu. Sun gaya wa ƙannenmu gaskiya ba rufa-rufa: da wuya a ɗauke ka kai tsaye daga makarantar lauya, sai ka ɗan gogu a cemba, wato ofishin lauyoyi, kan kwantiragi, kuma ba dole sai da digirin kimiyya ba in dai ba rubuta takardun rajistar ƙirƙira za ka yi ba. A ƙaramin kamfani kuwa kai ne lauya kai ne sakataren hukumar gudanarwa, wani ɓangare na albashinka hannun jari ne, in gwajin magani ya faɗi ana iya sallamar kowa, to mutum ya shiga da saninsa.

Ajin koyon kimiyya da muka buɗe wa 'yan ƙungiya ne ya ba mu kunya. An fara da zafi, ana isowa kan furotin aka watse, malamar da ta sadaukar da yammacinta tana magana da baƙaƙen allon Zoom. Za a dawo da shi baɗi a taƙaice. Kuɗin wata ma dai sai a hankali, ma'aji zai tuntuɓi kowa shi kaɗai.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu karkata ga bayanan marasa lafiya da takardar amincewar masu shiga gwaji, wato GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, da Sanarwar Helsinki kan ƙa'idojin gwaji a jikin ɗan Adam da aka sabunta a 2024. Mai sha'awar jagorantar zama, ko tsayawa takara a zaɓen kwamiti, ya turo sunansa kafin babban taro.

Wassalam,
Sakatare