Adana Tumatir a Kwalba: Kada a Manta da Lemun Tsami

Malam Edita,

Yanzu da tumatirin rani ya yi araha a kasuwannin Kaduna, iyayenmu mata sun duƙufa wajen ɗura shi a kwalba kafin tsadar damina. Dabarar na da kyau, amma ana sakaci.

A tsince ruɓaɓɓe da wanda tsutsa ta huda, a wanke, a markaɗa, a dafa har ya yi kauri. A ɗura da zafinsa cikin wankakkiyar kwalbar gilashi mai ɗumi, domin mai sanyi tsagewa take yi. Kowace lita a sa mata ruwan lemun tsami babban cokali 2. Nan ake yawan kuskure: tsamin ne ke hana ƙwayar cutar botulizim tsira, ita kuwa gubarta kisa take yi, kuma ba lallai ta yi wari ba. Shi ya sa ba a haɗawa da albasa ko tattasai, suna rage tsamin.

A bar sararin santimita 1 a sama, a rufe da sabon murfi. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ruwa ya shanye kan kwalaben, su tafasa minti 50. Murfin da ya kumbura ko aka ga kumfa a ciki, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna