Wasiƙa ga aminina kan am, is da are

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka game da ƙaninka da ya fara koyon Turanci, am da is da are suna ta rikita shi. Ga yadda za ka bi da shi.

Ukun nan rassa ne na kalma ɗaya, to be, idan ana maganar yanzu. Am ta I ce ita kaɗai. Is tana bin he, she, it da kowane suna tilo. Are tana bin we, they da duk jam'i, sai kuma you. Ka daɗe a kan wannan ta ƙarshen, domin mu muna da kai da ke da ku, Turanci kuwa you ɗaya gare shi, kuma ko mutum ɗaya kake wa magana are za ka sa. Yaro yakan ga mutum guda a gabansa ya ce you is, don a ganinsa tilo ne.

Babban tuntuɓen daga Hausarmu yake tasowa, kuma ba laifin yaron ba ne. Ne da ce jinsi suke dubawa: shi malami ne, ita malama ce. Turanci ba ruwansa da jinsi a nan, he is, she is, duk ɗaya. Sannan namu a ƙarshen jimla suke zama, nasu kuwa nan take bayan wanda ake magana a kansa. Shi ya sa mai fassarawa a ransa yakan tsallake wurin ya ce he teacher, maimakon he is a teacher. Ka hore shi, a irin wannan jimla, kada ya saki he sai is na manne da ita.

Akwai kuma wuraren da Hausa ba ta sa ne ko ce, amma Turanci sai da su. Ina jin yunwa, I am hungry. Na gaji, I am tired. Shekarata 12, I am 12 years old. Suna gida, they are at home. Sai dai ka lura, da zarar yaro ya gane daɗin am yakan cusa ta ko'ina, har ya ce I am agree. Agree aikatau ce da ke tsaye da ƙafarta, I agree ya wadatar.

Korewa ba wuya, not ake sawa a baya: she is not, we are not. Tambaya kuwa juya su ake yi, you are ready ta koma are you ready? Gajerun siffofi irin su I'm, he's, isn't da aren't ka bar su sai cikakkun sun zauna masa. Idan kun zo kansu, ka nuna masa ba a rufe amsa da irin su I'm da he's: yes, I am ake cewa, ba yes, I'm ba.

Kalmomi biyu za su yi masa tarko. People are take ɗauka, everybody kuwa is, duk da taro take nufi.

Minti 10 a rana sun isa, kuma da baki, kafin rubutu. Ka ɗora biro ɗaya a tebur ya ce the pen is on the table, ka ƙara na biyu ya ce the pens are on the table, ka janye ɗaya ya koma is. Sannan ka nuna shi, ka nuna kanka, ka haɗa ku biyu, yana faɗin I am, you are, we are, kana sauya tsarin don kada ya haddace kamar waƙa. Idan ya yi kuskure kada ka faɗa masa amsar, ka tambaye shi: wa ake magana a kansa, kuma su nawa ne?

Ka rubuto mini jimloli biyar da ya yi da kansa bayan mako biyu, in duba inda ya rage. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka